Masarar Inna

Na koma aji tun kafin masu zuwa gaisuwa su ɗauke ƙafa. Shugaban sashe ya tare ni a bakin ofis yana ta murza hannu, wai in huta, wai akwai wanda zai riƙe min darasin har zangon ya ƙare. Na ce masa wa? Wannan da ke karanta wa ɗalibai littafi sai ka ce mai sanarwa a rediyo?  Ni dai ban ji komai ba da na faɗa, ba haushi, ba kunya. Bakina ne kawai ya yi aikin da ya saba.

Abin da nake koyarwa a kwalejin kiwon lafiya shi ne binciken ɓarkewar cuta, wato yadda ake bin sawun ciwo idan ya faɗa wa mutane da yawa lokaci guda, har a gano daga ina ya fito. Shekara da shekaru ina ƙirƙiro wa ɗalibai annobar ƙarya, in ce an yi wani taro an ci abinci mutane sun kwanta, su yi ta bincike suna dariya suna zargin mai dafa nama. Bana ba sai na ƙirƙira ba. Wani ciwo ya shigo unguwanninmu: ido ya yi rawaya, amai, ƙafa ta kumbura, sannan hanta ta gaza. Yara ya fi kayarwa. Cikin waɗanda bai bari ba har da 'yata, wadda muke kira Lauya saboda ba a gama magana da ita, ko takalmi ka ce ta sa sai ta nemi dalili. Ita kaɗai Allah ya ba mu.

Na san abin da ya kashe ta. Mahaifiyata ce ba ta sani ba, kuma a lokacin ba abin da ya rage min a duniya sai kada ta sani.

Inna ta dawo wurinmu da zama bayan girbi, saboda gwiwoyinta sun fara ba ta wahala. Ta zo da buhun masara daga 'yar gonarta, wadda ruwa ya koma wa ana cikin shanya. Ta zauna a tsakar gida da faranti ta tsince ta ƙwaya-ƙwaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta ruɓe ta jefar, har abin da ya rage bai kai rabin buhu ba. Shi take aikawa a niƙo, ta dama wa Lauya safe da yamma, tana cewa abincin kanti ne ya sa yarinyar ta tsaya kamar tsinke. Ni da maigidana da sassafe muke fita, a wurin aiki muke cin na rana, sai dai mu ɗanɗana don kada Inna ta yi fushi.

Lauya na kwance a asibiti na ɗebi masarar nan cikin leda na kai ɗakin gwaje-gwajenmu. Da sakamako ya fito, a ranar na kira jami'in lafiya na faɗa masa, na kira ƙanena da ke can wurin gonar na ce ya kulle sauran da ke rumbu, ko kaji kada ya ba, kuma in ya kuskura ya faɗa wa Inna sai na ci mutuncinsa. Buhun da ke gidanmu kuwa maigidan ya jefa shi a mota, muka ce mata ƙwari ne suka shiga.

"Ƙwari? A masarar da na tsince da hannuna?" in ji ta. Amma hankalinta na asibiti, sai ta bar maganar.

Ranar da na koma, darasin gubar funfuna ne ke kan layi. Ban sauya shi ba. Na sa aka ja labule, na zuba masara a faranti, na kunna 'yar fitilar nan mai shuɗin haske. Ɗalibai suka matso suka kewaye tebur. A cikin duhu wasu ƙwayoyin suka yi wani ƙyalli kore-kore, wasu ba su yi ba.

Na ce, "Wannan ƙyallin alama ce kawai, gwaji ne ke tabbatarwa. Funfuna na kama hatsi tun a gona, ko a wurin ajiya idan bai bushe ba. Ita funfunar ba ita ce matsalar ba, gubar da take bari ce, aflatoksin. Kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, sai ta lalata hanta a hankali. Da yawa lokaci guda, sai abin da kuke gani a asibiti yanzu."

Monita ne ya ɗaga hannu. Dogon yaro ne mai son a san ya yi karatu, amma ba laifi, yana yi ɗin.

"Malama, in an dafa sosai fa?"

"Dafa ta har tukunya ta ƙone. Tana nan."

"In an wanke?"

"Ai ba datti ba ce, Monita."

Sai wata daga baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "To in an tsince masu baƙin fa, Malama?"

Kafin in buɗe baki na ji an yi mata "shhh" ta ko'ina, wani har da taka mata ƙafa, don na ji ta ce wash. A nan na gane sun sani. Mai kula da ɗakin gwaji bakinsa ba ya riƙe ko ruwa, da ma na san za a rina. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, ko fushi ko nauyi, ban ji ba.

Na ce, "Tambaya ce mai kyau, ku bar ta. Tsincewa na ragewa, kuma ku koya wa mutane su riƙa yi. Amma ba ta kawarwa. Ƙwaya na iya zama fara tas, kuma tana ɗauke da ita. A buɗe labule."

Ofishin lafiya ba su da isassun hannaye, sai jami'in ya roƙi kwaleji a ba shi ɗaliban shekarar ƙarshe su taya shi shiga gida-gida. An riga an san masara ake zargi, don ba tamu kaɗai ba ce, ruwan nan gonaki da yawa ya taɓa, kuma ta shiga kasuwa. Amma zargi daban, hujja daban. Sai an tambayi gidajen da aka kwanta, an tambayi maƙwabtansu da ba su kwanta ba, an kwatanta, sannan a iya cewa ga ta, a hana sayarwa. Ni aka ba aikin shirya tambayoyin da horar da yaran.

Kwana da kwanaki ina kansu. Na ce musu mai girki ake tambaya, ba maigida ba, don maigida bai san ko a ina gishiri yake ba. Na ce ko a gidan da aka yi rashi, a tambayi wanda ya tsira me ya ci, don bambancin da ke tsakaninsa da wanda ya tafi shi muke nema. Na sa suka yi ta gwadawa a kan juna. Sista, wadda ta yi aikin jinya kafin ta dawo karatu kuma ta girmi sauran, ita ta fi su iyawa, amma tana da wata ɗabi'a ta sassauta murya idan ta zo kan abin da take zargi.

Na ce, "Sista, wa ya mutu a kan masarar nan da kike mata muryar ta'aziyya?"

 Kai, bakina. Na ci gaba kawai.

"Shi ya sa na sa tambayar masara a tsakiya, bayan wake, kafin man girki. Da muryar da kika tambayi wake za ki tambaye ta. In kika nuna wa mutum abin da kike nema, ko ya ba ki don ya faranta miki, ko ya ɓoye don tsoro. Kowane gida tambaya ɗaya, murya ɗaya."

Jami'in lafiya ya ja ni gefe ya ce za a iya barin gidana, tunda ya riga ya san komai. Na yi tunani na ce a'a. In aka shiga kowane gida a layinmu aka tsallake namu, Inna sai ta tambayi dalili, kuma ba a yi wa Inna ƙarya sau biyu a kan abu ɗaya. In kuwa aka zo, masara ɗaya ce cikin tulin tambayoyi, za ta amsa kamar yadda za ta amsa ta shinkafa, a wuce wurin. Ni na tsara abin, na san yadda yake aiki. Na yarda da shi fiye da yadda na yarda da fuskata.

Da la'asar suka zo, Sista da Monita. Su abokansu suka zaɓa, na ji daga baya, wai su ne masu hankali. Suka cire takalma a bakin ƙofa, suka durƙusa suka gaishe da Inna, suka yi mata gaisuwar rashi. Ta ɗora shinkafa a wuta kafin su iso, ta fito tana goge hannu, ta zauna a kan tabarma don kujera na sa mata ciwon baya. Ni ina gefe kusa da taga. Jakar makarantar Lauya na nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba don wani abu ba, ba wanda ya tuna ya cire ne. Monita ya kalle ta sau ɗaya, daga nan bai sake ɗaga kai ba.

"Kaka, za mu yi miki 'yan tambayoyi ne a kan abin da ake ci a gidan nan," in ji Sista.

"To, 'yar nan. Wannan dogon kuma rakiya ya yi miki?"

"Shi zai rubuta, Kaka."

"Ya rubuta da kyau, don malamarku ba ta da haƙuri. Ni na haife ta, na sani."

Suka yi 'yar dariya. Sista ta fara. Ruwan da ake sha, na famfo ne ko na rijiya. Ko an ba yarinyar wani magani kafin ta kwanta, na asibiti ko na gida. Ko ta yi tafiya. Inna na amsawa dalla-dalla, har da abin da ba a tambaye ta ba. Aka zo kan abinci. Shinkafa, a ina ake saye, sau nawa ake ci. Gyaɗa. Madara. Wake. Murya ɗaya take yi, ba hawa ba sauka, har na ce a raina yarinyar nan ta koya.

Bayan wake Sista ta ɗan tsaya, tsayuwar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Monita ya yi gyaran murya.

"Man girki fa, Kaka, wane iri kuke amfani da shi?" in ji Sista.

Na kalli fanka. Ba ni na sa su ba, ban ma san sun shirya haka ba. Na san sun ɓata aikin gidan nan, na san ya kamata in tsayar da su, kuma ban motsa ba. Fankar na da wata 'yar ƙara da take yi duk zagaye, ita na yi ta saurare har suka kai ƙarshe.

"Mun gode, Kaka. Allah ya ƙara haƙuri."

Suna ƙoƙarin miƙewa Inna ta ce, "Kun gama ke nan?"

"Mun gama, Kaka."

"Ku koma ku zauna."

Suka zauna. Ta gyara ƙafarta mai ciwon da hannu biyu, ba gaggawa.

"Jiya ina gidan tela 'yan'uwanku suka zo. Ina zaune aka yi wa matarsa tambayoyin nan, ɗaya bayan ɗaya. Ruwa, magani, shinkafa, gyaɗa, wake. Bayan wake aka tambaye ta masara. A ina ta saya, a ina ta ajiye, har aka ɗebi kaɗan a leda. Matar da ko masara ba ta cika ci ba. Ni da na zo da buhu guda daga gonata, ba ku tambaye ni ba."

Sista ta ce, "Kaka, mantuwa ce..."

"'Yar nan, kin girmi wannan maganar. Na ga inda kika tsaya."

 Inna ta juyo ta kalle ni. Tun ina ƙarama idan ta yi min wannan kallon nake fara kuka kafin ta yi magana. Yau idona a bushe yake ƙamas.

"Ba ƙwari ba ne," in ji ta.

"Ba ƙwari ba ne, Inna."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun tana asibiti."

Ta gyaɗa kai. Sai kawai na ji bakina ya kama darasi. Na ce mata ba tata kaɗai ba ce, ruwan da ya koma ne, gonaki da yawa abin ya shafa, sauran gidajen a kasuwa suka saya. Na ce ba a gani da ido, ba a ji a baki, ko ni da nake koyar da abin na ci ban gane ba. Na ce tsincewar da ta yi ma ta rage. Duk gaskiya na faɗa, da irin muryar da nake yi a aji, ina jin kaina kamar wata ce ke magana a ɗakin da ke kusa.

"Ban tambaye ki na wasu ba," in ji Inna. Ta juya wurin Sista. "Tambaye ni."

"Kaka, a bar shi..."

"Ba aikinku ba ne? Ba don a tsare 'ya'yan mutane kuke yawon nan ba? Tambaye ni yadda kika tambayi wake. Kai kuma dogo, ɗauki biron."

Sista ta kalle ni. Na ce, "Yi."

Muryarta na rawa ta yi. A ina aka samo masarar. Gonata, in ji Inna. Yaya aka shanya ta. A ƙasa, a kan tsohuwar tabarma, ruwa ya dake ta sau biyu, aka sake shanyawa. A me aka ajiye. A buhun leda, a ɗakin ajiya, jingine da bango. Ko an ga wadda ta sauya launi. An gani, an tsince, an zubar. Sau nawa yarinyar ke ci.

"Safe da yamma. Wani lokaci ta ce ta ƙoshi, in ce sai ta shanye. Ta yi ta kawo min hujja, in ce yau ba lauya a gidan nan, shanye."

Biron Monita ya tsaya. Ta jira shi har ya ci gaba.

Saura tambaya ɗaya, ta wanda ya tsira. Na san tana nan, ni na rubuta ta. Sista ta karanto ta.

"Ke fa, Kaka, sau nawa kike ci?"

"Ban ci ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko cokali. Ai ba ta da yawa bayan na tsince. Na ce ta yarinya ce."

Na raka su bakin ƙofar gida. Sista ta sa gefen mayafi a fuska tana kuka mara sauti. Monita na ta ƙoƙarin sa takalmin dama a ƙafar hagu.

"Malama, wallahi mun yi ne don..."

"Na sani."

"Duk ajin ne muka yanke. Mun ga kamar..."

"Na ce na sani, Monita. Gobe ƙarfe takwas. Ku ce wa sauran kowa ya zo."

Na so in tsane su. Na tsaya a bakin ƙofa ina nema, har suka sha kwana, ban samu ba. Wani mai keke ya wuce, matar tela na kwashe shanya daga igiya, ta ɗaga min hannu, na ɗaga mata.

Da na koma ciki Inna ba ta ɗaki. Na same ta a kicin ta kashe wuta, shinkafar ta nuna, tururi na fita ta gefen murfi. Ta jawo 'yar kujera ta zauna a bakin ƙofa daga waje. Ba kuka take ba. Na tsaya kusa da ita ban san me ake cewa ba, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba.

Muna nan maigidan ya dawo. Kallo ɗaya ya yi mana ya gane. Ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambaye shi aiki. Ya wanke hannu ya zauna a inda ya saba zama, yana jiran ta kawo masa, don tun zuwanta ita ke zuba wa kowa.

"Zo ki zuba wa mijinki," ta ce min.

"Inna, shinkafa ce. Ta kanti ce, ba abin da ya same ta."

"Na ji. Zuba masa."

Na zuba, na kai masa. Ya sa cokali yana juyawa. Na dawo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, maƙogwarona a bushe tun rana. Butar ruwa da kofi na gefenta, kusa da hannunta na dama.

Na ce, "Inna, miƙo min ruwa."

Ta kalli kofin. Har hannunta ya tashi, sai ta mayar da shi, ta cusa duka biyun cikin zane tsakanin gwiwoyinta.

"Ɗauka da kanki, 'yar nan," in ji ta.